Wilin Keke da Mayen Ƙarfe 24: Nazarin Injin da Aka Ce Yana Juya Kansa a Jega

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin noman rani ya rikice wa manoman shinkafa a fadamun Kebbi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa, ga shinkafa tana son ruwanta a kan lokaci, ga injin ban ruwa ba ya tashi sai an zuba masa mai. Wasu sun mayar da injinansu masu amfani da gas, masu hali sun sayi famfon sola, sauran kuma suka rage faɗin gona. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da labarin injin da ba ya shan mai, ba ya jiran rana, ba ya neman wutar gwamnati, to lalle zai samu masu saurare, kuma ban ga laifin masu sauraren ba.

Lamarin da zan bayyana ya faru ne a Jega. Wani saurayi mai sana'ar naɗin kwayil, wanda ake kai wa fanka da injin markaɗe idan sun ƙone, ya haɗa wata na'ura da ya ce mayen ƙarfe ne ke juya ta, kuma tana ba da wuta ba tare da ta ci komai ba. Labari ya kai ga wata ƙungiyar manoman rani, har suka fara maganar yin karo-karo domin ya ƙera musu babba wadda za ta ja famfo. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne abokin yayana, ya san na yi shekaru ina koyar da aikin lantarki kafin in yi ritaya, kuma har yau ina kwance tsofaffin rediyo da injina don sha'awa, sai ya aiko a kira ni. Abin da ya ce mini gajere ne: "Malam, in wanga abu gaskiya na, mu sa kuɗi. In kau ba gaskiya na ba, ka hwaɗa muna tun ba mu sayar da shinkahwarmu ba." Na sakaya sunayen kowa da gangan. Zan kuma faɗi hukuncina tun daga farko don kada a karanta sauran bayanin da zargi a zuciya: saurayin nan ba mayaudari ba ne, kuma na'urarsa ba ta yin abin da ya ɗauka tana yi.

Yadda na'urar take

Wilin keke ne aka cire masa taya, aka kwantar da shi a kan teburin katako yana juyawa a kan boris ɗinsa. A gefen wilin ya manna mayen ƙarfe guda 24, waɗanda ya ciro daga tsofaffin ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, irin masu ƙarfin nan da ake kira niyodimiyam, kowanne a karkace yana fuskantar gefe guda. Kewaye da wilin akwai zoben ƙarfe da aka yi wa walda, a jikinsa an jera baƙaƙen mayen ƙarfe na lasifika, tazarar da ke tsakaninsu da wilin tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har a zagayo, kamar bayan dodon koɗi. Tunaninsa shi ne, tun da gefe iri ɗaya na maganaɗisu suna tunkuɗe juna, kowane maye na zoben zai tura na wilin gaba zuwa inda tazarar ta fi faɗi, turi ya biyo turi, juyi ba zai ƙare ba.

A ƙarƙashin teburin akwai sauran kayan. Akwai moto na fankar lagireton mota, wanda bel ya haɗa shi da wilin. Akwai wani ƙaramin moto da aka mayar dainamo, wato mai ba da wuta idan an juya shi, shi ma da nasa bel. Akwai batir mai bolt 12, irin wanda ake sa wa fanka mai caji, an rubuta amfiya-awa 7 a jikinsa. Sai ƙwan fitila uku masu wat 5 kowanne, da mitar auna bolt. Bai ɓoye batirin ba, shi da kansa ya nuna mini, ya ce na tayarwa ne kawai, kamar yadda ake buga kik a tayar da babur, kuma da zarar wilin ya ɗauki gudu mayen ƙarfe ke karɓar aiki, dainamo kuma ya mayar wa batir abin da aka ara har da riba. Hujjarsa a kan ribar ita ce mitar: batir yana nuna 12 da 'yan kai, bakin dainamo yana nuna kusan 14.

Aikin hannunsa ya burge ni ƙwarai. Wilin ba ya girgiɗi, naɗin wayoyinsa tsaf, ya auna tazarar mayen da ma'auni, ba da ido ba. Na yi ɗalibai masu takardar shaida da ba za su iya wannan tsabtar aiki ba.

Gwajin farko: wilin shi kaɗai

Na roƙe shi mu cire bel biyun, mu bar wili da zobe kawai, domin idan akwai sirri a na'urar to a nan yake. Ya juya wilin da hannu, ya yi ta gudu yana wata ƙara mai tsalle-tsalle, sannan ya rage, ya yi gaba ya dawo baya sau biyu ko uku, ya tsaya. Na sa alli na yi alama a inda ya tsaya. Muka maimaita sau da dama, kuma kusan kullum sai ɗaya daga cikin mayen wilin ya tsaya daidai kusa da wurin da ƙarshen zoben ya haɗu da farkonsa, inda tazara mai faɗi ke komawa matsattsiya farat ɗaya. Ya san wurin, har suna ya ba shi, yana ce masa inda take cijewa. Ya gaya mini ya shafe watanni yana neman dabarar wuce wannan wuri, kuma moton da ke ƙarƙashin teburi ya fara sa shi ne don ya taimaka wa wilin ya tsallake shi.

A wannan wurin cijewa amsar lamarin duka take. Mai keke da ya sauko gangare yana jin daɗin gudu ba tare da ya taka feda ba, amma idan hanyar kewaye ce, wadda za ta dawo da shi inda ya taso, dole ne ya hau tudu daidai tsayin gangaren da ya sauko. Zai iya zaɓar tudu mai tsawo mai sauƙin hawa, ko gajere mai tsauri, amma tsayin ba ya sauyawa. Zoben saurayin gangare ne mai tsawo wanda aka tara duk hawansa a taki ɗaya. Turin da wilin ya samu a zagaye guda, shi ne daidai abin da yake biya a wurin cijewa domin ya sake kutsawa kusa da mayen da ke tunkuɗe shi. Sauya kusurwar mayen, ko ƙara yawansu, ko sayo masu ƙarfi, duk yana sauya siffar tudun ne kawai, kuma maye mai ƙarfi gangare mai zurfi yake bayarwa tare da tudu mai tsawo daidai da shi. Abin da ya rage bayan zagaye ɗaya sifili ne, daga sifilin nan kuma boris da iska suke cin nasu.

Domin ya gani da idonsa, muka naɗa zare a cibiyar wilin, muka rataya gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta bakin teburi, muka sake ta ta faɗi daga tsayi ɗaya kowane karo, don wilin ya samu turi iri ɗaya ba tare da bambancin hannu ba. Muka auna lokacin juyinsa da zobe, sannan muka kwance zoben gaba ɗaya muka sake aunawa. Wilin da ba zobe ya fi daɗewa yana juyi nesa ba kusa ba. Wannan sakamako ya girgiza shi fiye da duk maganar da na yi, domin ya nuna mayen da yake zaton suna tura wilin birki suke taka masa. Dalilin kuwa sananne ne ga duk mai naɗin kwayil, ko da bai san sunansa ba. Idan maganaɗisu ya gilma kusa da ƙarfe, yana tayar da 'yar wuta mai kewaya a cikin ƙarfen, ita kuma wutar tana haifar da nata maganaɗisun da ke adawa da motsin da ya haife ta, kamar yadda Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. Na ɗauko tiren alminiyam na jingina shi, na saki maye ɗaya a kansa, ya sauko a hankali kamar mai tafiya cikin zuma, alhali alminiyam ba ya kama maye.

Sai ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi a wurinsa. Ya riƙe babban maye a hannu ya kusantar da shi gefen wilin, wilin ya tashi, ya ci gaba da juyi muddin yana riƙe da shi. Irin wannan ne ya cika bidiyoyin YouTube, kuma mai kallo zai rantse hannun a tsaye yake. Muka ɗauki hoton bidiyo da waya muka rage masa gudu, sai ga hannun yana ja baya kaɗan duk lokacin da mayen wili ya tunkaro, yana kuma turawa gaba da zarar ya wuce. Bai san yana yi ba. Tsokar hannunsa ce ke biyan kuɗin hawan tudu, tuwon da ya ci shi ne man injin. Da muka ɗaure wannan maye da noti a jikin teburi, a daidai inda yake riƙe shi, wilin ya yi rabin zagaye ya tsaya.

Ƙarfi daban, makamashi daban

Tambayar da ya yi mini bayan wannan ita ce tambayar da ta kamata, kuma na ji daɗin da ya yi ta. Ya ce, "Baba Malam, mayen da ya shekara goma manne a ƙofar firji bai faɗo ba, daga ina yake samun ƙarfin?" Na nuna masa azarar da ke riƙe da rufin shagon da muke ciki. Ta fi shekara goma tana ɗauke da nauyin ƙasa, ba a taɓa zuba mata mai ba, ba wanda kuma ya taɓa tunanin haɗa mata waya ya kunna fitila. Riƙewa ba ta cin makamashi, domin ba abin da ya motsa. Makamashi yana fita ne idan ƙarfi ya matsar da abu daga wuri zuwa wuri. Maye yana iya fizgo ƙusa sau ɗaya, ya yi ɗan aiki, amma kafin ya sake fizgo ta sai wani ya ɓanɓare ta ya mayar da ita inda take, kuma mai ɓanɓarewar ya biya abin da aka samu. Haka danƙon harbin tsuntsu yake, abin da hannu ya ja shi kaɗai yake mayarwa.

Wasu kan ce ai akwai makamashi a ajiye cikin mayen tun daga masana'anta. Akwai, amma a duba yawansa. Mayen niyodimiyam, wanda kamfanonin General Motors da Sumitomo suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, shi ne mafi ƙarfi a kasuwa, kuma mafi girman darajarsa da aka saba sayarwa, wato N52, ba ta wuce kimanin jul dubu 400 (jul ma'aunin makamashi ne) a kowace mita mai fuska shida ta jikinsa ba, wato dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita guda ne. Idan aka yi lissafi da nauyinsa, kilo ɗaya na wannan maye bai ɗauke da abin da ya wuce jul 50 da 'yan kai ba, abin da zai kunna ƙwan fitila ɗaya mai wat 5 na daƙiƙa goma, kuma kafin a same shi sai an kashe mayen. Ɗan batirin da ke ƙarƙashin teburinsa yana ɗauke da kusan jul dubu 300. Litar fetur ɗaya tana da fiye da jul miliyan 30. Injin ban ruwa mai bakin inci 3 da manomanmu ke amfani da shi yana da ƙarfin doki 5 zuwa 6, kusan wat dubu 4, wato jul dubu 4 kowace daƙiƙa. Wannan shi ne girman ramin da ake son mayen lasifika su cike.

Gwaji na biyu: batir

Muka mayar da bel, ya kunna na'urar yadda ya saba nuna wa mutane, kuma gaskiya abin kallo ne, wili na gudu, fitilu na ci, mita na nuna lamba. Abu na farko da na yi shi ne zare wayar moto ɗaya bayan wilin ya kai iyakar gudunsa. Fitilu suka dushe nan take, wilin ya tsaya kafin minti guda. Ya ce wataƙila gudun bai kai inda mayen za su karɓa ba, na ce to mu auna.

Kuskurensa a kan mita kuskure ne da na sha gani a aji. Bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amfiya kuma yawan ruwan da ke bi ta bututu. Tanki mai tsawo da ke ɗiga ɗigo-ɗigo bai kai gajeren tanki mai kwarara ba. Abin da ake lissafi da shi shi ne wat, wato bolt sau amfiya, shi kuwa bolt kaɗai yake aunawa. Na sa mitar amfiya a wayar da ke fita daga batir zuwa moto, ta nuna kusan amfiya 3. Na mayar da ita wayar da ke dawowa daga dainamo, fitilu a kashe, ba ta kai amfiya ɗaya ba. Da muka kunna fitilun uku, abin da ke komawa batir ya sauka zuwa sifili, sautin moton ma ya sauya ya yi nauyi, domin dainamo yana ƙara tauri daidai gwargwadon wutar da ake ja daga gare shi, dokar Lenz ɗin nan dai. Bolt 14 ɗin da yake gani gaskiya ne, amma ba riba ba ce.

Ko da ba a auna ba, lissafi zai nuna haka. A ce ƙaramin moto irin wannan yana mayar da kashi 70 cikin ɗari na wutar da ya ci zuwa juyi, bel biyu su bar kashi 90, dainamo ya mayar da kashi 70 na juyin zuwa wuta. Idan aka ninka su, daga wat 100 da suka fita, 44 ne suka dawo, sauran sun zama zafi da ƙara, kuma duk wanda ya ɗora hannu a jikin moton bayan minti goma zai ji inda suka tafi. Ɗan kasuwar da ke sayen mudu a naira 100 ya sayar a 44 zai iya yini a rumfa ana ganin ciniki na gudana, amma jarinsa ne ke narkewa. Wannan lissafi ya shafi duk abin da ake tallatawa da sunan janareta mara mai, wanda ake haɗa batir da moto da dainamo da caja a kewaye, ko an sa masa mayen ƙarfe ko ba a sa ba.

Gwajin da ya rufe magana shi ne mafi sauƙi, kuma shi nake ba kowa shawarar ya nema kafin ya fitar da sisi. Muka cika batirin da caji, muka kunna na'urar da fitilunta bayan sallar la'asar, muka zauna. Kafin awa biyu fitilu sun yi ja, wilin ya ja jiki ya tsaya. Washegari muka sake cika batirin nan, muka haɗa fitilun uku kai tsaye da shi, ba wili, ba moto, ba dainamo. Sun ci fiye da awa huɗu. A takarda ma haka ya kamata, domin bolt 12 sau amfiya-awa 7 wat-awa 84 ne, fitilun kuma wat 15 suke ci. Ma'ana, na'urar gaba ɗaya tana cinye fiye da rabin abin da batirin zai ba fitilun da an bar shi shi kaɗai. Da na tambaye shi tsawon lokacin da ya taɓa barin ta a kunne, sai ya ce bai wuce minti ashirin ba, domin yana tsoron boris ya yi zafi, kuma kowane dare yakan ɗan jona batirin a caji don ya kasance cikin shiri. Bai taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a ransa ba.

Maganar cewa an ɓoye ilimin

Da yamma, bayan mutane sun watse, ya fito da wayarsa ya nuna mini zanen da ya bi. Ya ce wani Ba'amurke ya samu takardar mallakar ƙirƙira a kan irin wannan inji, kamfanonin mai ne suka danne shi. Takardar gaskiya ce: Howard Johnson ya same ta a Amurka a 1979, lambarta 4,151,431. Amma irin wannan takarda tana kare haƙƙin mai zane ne, ba shaida ba ce cewa an ga injin yana aiki, kuma sharaɗinta shi ne a buga zanen kowa ya gani. Wa'adinta ya ƙare tun a shekarun 1990, ga shi zanen har ya iso Jega a cikin waya. Abin da aka danne ba ya yawo haka. Na ƙara masa da cewa ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan mayen niyodimiyam na duniya, ita ce kuma ta fi kowace ƙasa sayen ɗanyen mai daga waje. Da a ce jera maye a wili yana ba da wuta, ba kamfanin da zai iya hana ta.

Na kuma gaya masa cewa yana cikin dogon layi na masu basira. Tun a 1269 wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, a cikin wasiƙarsa kan maganaɗisu, wadda ke cikin rubuce-rubuce na farko masu tsari a kan fannin, ya zana wilin da ya yi zaton maye zai juya har abada. Masu irin wannan da'awa sun yi yawa har a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Paris ta yanke shawarar daina duba duk wani inji da aka ce yana juya kansa, tun kafin masanin kimiyya Helmholtz ya tsara dokar adana makamashi a 1847, wadda ta ce ba a samar da makamashi daga babu. A zamaninmu, kamfanin Steorn na Dublin ya buga talla a mujallar The Economist a 2006 yana ƙalubalantar masana su gwada na'urarsa mai suna Orbo, aka kafa kwamitin mutum 22, kuma a 2009 suka yanke hukunci baki ɗaya cewa ba a nuna musu samar da makamashi ba. Kamfanin ya rushe a 2016.

Akwai kuma ɗaya layin, na mayaudara, wanda nake so manoma su sani ko da bai shafi wannan saurayi ba. A 1813 a birnin New York, injiniya Robert Fulton ya saurari injin wani Charles Redheffer ya ji gudunsa yana hawa yana sauka kamar na abin da ake juyawa da hannu, ya ɓalle katakon bango, sai ga siririn bel ya bi ta ciki zuwa wani ɗaki inda wani tsoho ke zaune yana juya hannun inji. A 2010 kotu a Jamus ta ɗaure Mike Brady, mai injin maganaɗisu da ake kira Perendev, shekara 5 da wata 9 saboda karɓar kuɗin mutane a kan injinan da bai kawo ba. Yau aikin wancan tsoho ƙaramin batirin litiyam ne ke yin sa, wanda bai fi ɗan yatsa ba, ana ɓoye shi a gindin katako ko cikin ƙwan fitilar kanta, domin akwai ƙwan da ke zuwa da batirinsa a ciki. Bambancin saurayinmu da waɗannan shi ne ya ba ni sukurdireba da hannunsa ya ce in kwance duk abin da nake so.

Abin da na gaya wa ƙungiyar

Na same su a ƙofar gidan shugaban bayan isha'i, na ce, "Alhaji, kada a sa kuɗi a wannan, babba ko ƙarami." Wani daga cikinsu ya ce ai janareta ma maganaɗisu ne a cikinsa, me ya sa shi yake ba da wuta? Na ce ko injinan Kainji, da ke aiki tun 1968 a kan ruwan da tafkinsa ya kai har Yawuri, maganaɗisu ne ke juyawa cikin kwayil, amma ruwan Neja da ke faɗowa daga tudu shi ke juya su, kuma ruwan da ya faɗo ba ya komawa sama sai rana ta ɗaga shi ya zama girgije. Maganaɗisu guga ne, yana ɗebo abin da ke rijiya, ba ya haifar da ruwa. Na bar musu sharuɗɗa uku na duk wanda zai zo nan gaba: a cire batir da duk waya mai shigowa daga waje, a bar injin yana ɗauke da kaya na gaske kamar famfo har kwana uku a ɗakin da mabuɗinsa ke hannunsu, kuma a yarda wanda suka zaɓa ya kwance shi.

Na kuma roƙe su kada su wulaƙanta yaron, domin suna buƙatarsa. Injin mayen ƙarfe na gaskiya yana nan, kuma yana cikin mafi inganci da ake da su: shi ne a cikin yawancin famfunan sola da ake zurawa a rijiyar burtsatse, shi ne a fankar sola da babur mai batir. Mayen yana maye gurbin kwayil ɗin da da zai ci wuta don ya zama maganaɗisu, saboda haka asara take raguwa, amma wutar juyi daga faranti take zuwa. Rana tsaka tana sauke kusan wat dubu a kan kowace murabba'in mita, farantin zamani yana kama kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yankinmu na cikin wuraren da suka fi samun rana a Najeriya. Famfunan nan suna ƙaruwa a fadama, suna lalacewa, masu gyaransu kuma ba su da yawa.

Ƙungiyar ta juya karo-karon zuwa sayen famfon sola ɗaya da za a riƙa karɓa-karɓa, suka kuma ba saurayin wasu matattun famfuna biyu ya buɗe ya koya. Ya tayar da ɗaya, matsalar tana ga 'yar na'urar da ke jin wucewar maye ta sauya wa kwayil wuta. Wilin kekensa yana nan a kusurwar shago, bai kwance shi ba. Ya ce mini ya karanta cewa akwai wani ƙarfe da ke tare maganaɗisu, yana so ya sa shi a wurin cijewa ya rufe mayen har wilin ya wuce. Na gaya masa ƙarfen da ke tare maganaɗisu shi ma maye yana jan sa, don haka zai samu sabon wurin cijewa a bakin marufin, idan kuma marufin motsi zai riƙa yi to janye shi zai ci abin da aka samu. Ya ce yana so ya gani da idonsa, na ce hakan ya dace, kuma na yi masa alkawarin zuwa ranar da ya gama, da gorar ruwa da zare da agogo, mu auna juyin da marufi da kuma ba marufi.